Yadda Na Mayar da Zauren Malam Sabitu Otal

A Wunti, nan cikin garin Bauchi, idan ka tambayi Mansir, sai a ce maka wane Mansir. Amma ka ce Injiniya, ko mai tallan rake zai nuna maka rumfata. Ni na raɗa wa kaina sunan, ni kuma na sa aka rubuta shi a allo da jan fenti, don na lura idan mutum ya zauna jiran jama'a su gane darajarsa, tsufa zai riske shi a zaune. Sana'ata cajin waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi, amma wannan na wucin gadi ne. Ainihin ilimina na intanet ne.

Ilimin kuwa a wata bita na samo shi, wadda aka shirya wa ƙananan 'yan kasuwa kan yadda sunan mutum zai fito a sama idan an yi bincike a Gugul. Malamin ya raba darasin gida biyu. Ya ce akwai hanya mai kyau: ka rubuta gaskiyar abin da kake sayarwa, ka sa hoton kayanka na ainihi, ka faɗi lokacin buɗewa da na tashi, ka kyautata wa masu saye har su yabe ka da kansu. Ya ce wannan hanya tana ɗaukar watanni. Ina jin watanni barci ya kwashe ni, ga sanyin ɗaki, ga shinkafar da aka raba mana ta zauna a ciki. Na farka daidai inda yake cewa, "Yanzu ga abubuwan da ba a yi, waɗanda maha'inta suke yi don su hau sama da sauri." Nan na gyara zama. Tunda nake ban taɓa sauraron malami kamar ranar ba. Da ya zo bayanin abin da yake samun wanda aka kama, na riga na fice don kada a riga ni samun keke napep.

Yayata Sauda tana aure a Ƙofar Wambai, gidan Malam Sabitu, kuma ita ta gaji tandar mahaifiyarmu Inna Kubura, Allah ya jiƙanta. Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san masar Kubura: fara, mai laushi, gefenta ya soyu, ga miyar taushe, ga yaji. Da Inna ta rasu, Yaya ba ta nemi komai a kayan ɗakin ba sai tandar. Shi kuwa Malam Sabitu mutum ne mai karantar da manya a zaurensa bayan la'asar, ba ya son hayaniya, ko tari ya yi sai ya nemi afuwa. Ya yarda ta yi sana'ar amma da sharaɗi guda. A sayar da safe ta 'yar tagar da ke gefen zaure, kafin hantsi a share wurin, kuma ranar da ƙofar gidansa ta zama tasha, ranar za a rufe tagar. Yaya ta riƙe sharaɗin nan kamar yadda ake riƙe alwala.

Wata safiya ina tsugune a tsakar gidanta ina cin masar da ba na saye ba, sai na ce bari in gwada ilimina. Na rubuta "masa a Bauchi" a wayata. Sunan da ya fito a sama na Liatu ne, ƙawar Yaya tun makarantar sakandare, wadda take suya a rumfarta kusa da Kasuwar Muda Lawal. Na ja ƙasa, na ja ƙasa, har yatsana ya gaji. Masar Kubura ko alamarta babu.

Na ce, "Yaya, an ci mutuncin gidanmu."

Ba ta ɗago daga tanda ba. Ta ce, "Wa ka taɓo kuma?"

"Dubi nan. Liatu ce ta ɗaya. Masar Inna ko a ƙarshe babu."

"To ai Liatu ta iya masa. Miƙo min man nan."

"Ba maganar iyawa ake ba, Yaya, maganar martaba ake."

"Kullum ƙullina yana ƙarewa kafin hantsi. Me zan yi da martaba, in soya ta?"

"Ke dai ki bar min aikin. Kafin watan nan ya mutu, duk wanda ya nemi masa a garin nan, mu zai fara gani."

Ta juya masa, ta ce, "Abu ɗaya na sani, kada ka jawo min abin da Malam zai yi magana."

Ni dai na ɗauki wannan a matsayin izini.

Sai da na fara zuwa leƙen asiri wurin Liatu. Ban sha wahala ba, ita da kanta ta miƙo min wayarta hannunta duk mai. Shafin nata abin tausayi ne. Hoton masa a faranti, lambar waya, lokacin da take buɗewa, shi ke nan. A ƙasa mutane sun rubuta ra'ayinsu sun ba da taurari, ita kuma tana amsa wa kowa. Har wani da ya ce gishiri ya yi yawa a miya, ta ba shi haƙuri.

Na yi dariya na ce, "Anti Liatu, mutum ya kushe ki a gaban duniya, ke kuma kina ba shi haƙuri?"

Ta ce, "Gishiri ya yi yawa ranar, Oga Injiniya. In ce bai yi ba?"

"Tsawon wane lokaci kika ɗauka kafin ki hau sama?"

"Ban ƙirga ba. Ni dai suya nake yi."

"To ni kafin ki sake sayen itace zan wuce ki."

"Allah ya ba da sa'a. In za ka faɗo, ka faɗo ta can gefe, nan akwai mai a wuta."

Na koma rumfa na buɗe wa Yaya shafi. Abu na farko da na riƙe daga bita shi ne na'urar bincike tana ƙirga kalmomi. Don haka na dinga rubuta "masa Bauchi masa Bauchi masa mai daɗi Bauchi" har babban yatsana ya kumbura. Don kada mutane su gani su ce mai shafin ya zautu, sai na mayar da rubutun fari a kan farin shafi. Maƙwabcina Ɗanlarai tela ya leƙo ta kafaɗata.

"Injiniya, tun safe kake rubutu. Ina rubutun?"

"Ba don idonka aka yi ba."

"Don idon wa aka yi?"

"Na'ura."

Ya ja da baya kaɗan, ya ce, "Rubutun da mutum ba ya gani, a garinmu ba na'ura muke ce wa masu karanta shi ba."

Na ƙyale shi, ba a jayayya da wanda bai je bita ba.

Daga nan sai basira ta sauko min. Na lura masu neman masa a waya ba su da yawa, don mai jin yunwa hancinsa yake bi. Abin da baƙi suke nema shi ne otal, da ɗakin taron biki, da likitan dabbobi. Na ce to me zai hana mu zama duka? Wanda ya zo neman ɗaki ai da cikinsa ya zo. Na buɗe Otal ɗin Kubura, na samo hoton wani gini na ƙasar waje mai tafkin wanka shuɗi na manna. Na buɗe Ɗakin Taro na Kubura. Na buɗe Asibitin Dabbobi na Kubura, da hoton wani Bature yana duba haƙorin doki. Kowanne na dasa alamarsa a taswira daidai ƙofar gidan Malam Sabitu, na sa lambar wayata, na kuma rubuta cewa muna buɗe kowane lokaci, don na ji an ce hakan yana ɗaga shafi. Tsarin mai sauƙi ne. In baƙo ya kira in ce ya taho, in ya iso a ce ɗakuna sun cika, amma ga masa da zafinta.

Saura taurari. A nan ne sana'ata ta yi min rana. Mutane suna bar min wayoyinsu a buɗe don in yi caji in tura musu abin saurare, su tafi harkarsu. Duk wayar da ta shigo hannuna sai ta yabi Kubura kafin ta fita, da sunan mai ita da hotonsa. Da wayar Alhaji Hammadu, dillalin hatsi a Muda Lawal, na rubuta: "Kullum a nan nake karyawa, masa da sukari da man shanu. Ban taɓa fashi ba." Da wayar Ɗanlarai na rubuta: "Na kwana a otal ɗin nan, katifarsu akwai laushi." Ban ga na cuci kowa ba. A ganina ma suna na yi musu, don ba kowa ake gani a intanet ba.

Abin ya ci. Wata safiya na duba, sai ga mu a sama, Liatu a ƙarƙashinmu. Na zagaye Wunti da wayar a ɗage kamar wanda aka haifa wa 'yan biyu. Na je na nuna wa Yaya.

Ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Wannan ruwan fa?"

"Ado ne."

"Ina tandata?"

"Tanda ba ta jan hankali, Yaya. Baƙa ce."

"Baƙar ce ta ciyar da kai har ka yi gemu."

Ba a jima ba baƙo na farko ya iso. Yaya ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa don kada Malam ya ji. Ta ce ga wani mutum a taga da akwati da matarsa, wai daga Gombe suke, yana tambayar ɗaki mai sanyi.

Na ce, "Kin ce ɗakuna sun cika?"

"Waɗanne ɗakuna, Mansir? Na ce masa gidan aure ne."

"To ya sayi masa ko bai saya ba?"

"Ya saya. Yana ci yana zagin wanda ya amsa masa waya."

"Kin gani? Ciniki ya fara."

Ta kashe wayar ba sallama, abin da na fassara da cewa layi ne ya yanke.

Washegari Ɗanlarai ya shigo rumfata da almakashi a hannu, idonsa ja. Ashe ranar da na rubuta ya kwana a otal, ya gaya wa matarsa A'i cewa a shago zai kwana saboda ɗinkin biki, kuma da gaske a shagon ya kwana, a kan tebur. Wata ƙawarta ta tura mata rubutun da hotonsa yana murmushi.

Ya ce, "Wace katifa ce mai laushi? Ni da bayana har yanzu bai miƙe ba?"

Na ce, "Kwantar da hankalinka, yanzu zan gyara."

Goge rubutun na nufin asarar taurari biyar, ni kuwa ba na asara. Sai na karɓi wayar na ƙara a ƙarshen rubutun: "Da sanin iyalina." Na ce ya je ya nuna mata. Ya tafi yana godiya. Da yamma na ji labari A'i ta tafi gidansu, ta ce a zo a faɗa mata a gaban iyayenta yaushe ta sani.

Duk da haka ban karaya ba. Waya tana ta shigowa, ina ta cewa a taho. Abin da ban lissafa ba shi ne masa tana ƙarewa da hantsi, su kuwa baƙi ba su san hantsi ba, tunda ni na rubuta musu kowane lokaci.

Ranar da abin ya fashe, Yaya ce ta aiko in zo in yi mata bayani, don mutanen da ke tsayawa a ƙofar da jaka sun fara yawa, Malam kuma ya fara yawan kallon tagar. Na iso bayan la'asar, na tarar an fara karatu a zaure, dattawa sun jeru a kan tabarma. Ba dama in ratsa su in wuce ciki, sai na zauna a baya na sunkuyar da kai kamar ɗalibin kirki.

Malam yana cikin fassara sai wata doguwar mota ta tsaya a ƙofa. Mata suka fara sauka da akwatuna da kuloli suna rangaɗa guɗa, 'yan kai amarya ne daga Azare. Na tuna muryar shugabarsu, wata Hajiya mai faɗin murya, don da safe na tabbatar mata akwai ɗakuna da wurin taro da wurin ajiye mota. Kafin su gama sauka, wata a-kori-kura ta tsaya a bayansu, da saniya a ciki da wani Bafulatani dogo mai suna Hammajoda, wanda ɗan'uwansa ya nemo masa likita a waya. Shi ma na tuna, na ce masa ya kawo ta.

Malam ya rufe littafi, ya miƙe ya fita bakin zaure. Ya ce, "Bayin Allah, lafiya?"

Shugabar matan ta ce, "Otal muke nema, Malam."

"Nan gidana ne."

"Waya ta ce nan ne." Ta ɗaga masa hoton. "Ina ruwan nan da ake wanka?"

Wani dattijo cikin ɗalibai, da zuciya ɗaya, ya nuna mata butocin alwala da ke jere a gindin bango.

Hammajoda ya matso da sandarsa ya ce, "Ina likita? Saniya ya ƙi cin abinci tun shekaranjiya. Likita ya ce in kawo."

Malam ya ce, "Wane likita?"

"Na Kubura."

Na ga Malam ya lumshe ido da ya ji sunan surukarsa. Ni kuwa na fara jan jiki zuwa lungun da ake ajiye takalma. Sai shugabar matan ta ce, "Bari in kira mara mutuncin da ya amsa min da safe."

Da na san haka za ta faru da ban sa muryata a matsayin ƙarar kira ba. Aljihuna ya ɗauka da ƙarfi, cikin muryata, da kiɗa a ƙasa: "Injiniya Mansir, maganin matsalar intanet. Injiniya Mansir, a sama muke." Dattawan nan suka juyo gaba ɗaya. Na danna aljihun da hannu biyu, wayar ta ci gaba da yabona.

Malam ya ce, "Mansir, taso."

Na taso. Gumi ya karyo min har cikin takalmi. Na buɗe baki zan fara bayanin yadda na'urar bincike take aiki, sai ga keke ya tsaya, Hajiya Zinariya ta fito, mijinta Alhaji Hammadu yana biye da ita kamar wanda za a kai allura. Ashe Alhaji yana da ciwon sukari, kuma Hajiya ce take auna masa duk abin da zai ci, har kunu ba ya sha sai ta ɗanɗana. Ban sani ba. Ni caji nake yi, ba na tambayar lafiyar mai waya.

Ta gaida Malam da ladabi, sannan ta ɗaga waya ta karanta a gaban kowa, a hankali, tana tsayawa a kan kowace kalma: "Masa da sukari da man shanu. Ban taɓa fashi ba."

Alhaji ya ce, "Hajiya, na rantse miki ban rubuta wannan ba. Ni ko saƙo sai an rubuta min."

Nan na ga dama ta in yi abin kirki ko da guda ne, mutane su ga ni ma ina da zuciya. Na daki ƙirji na ce, "Hajiya, ni na rubuta. Ƙirƙira ce tawa daga farko har ƙarshe. Alhaji bai taɓa taka ƙofar nan ba."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ga ba irin wanda ake karɓar shaidarsa ba ne. Sai ta juya wajen 'yar tagar, inda inuwar Yaya take tsaye a bayan labule.

"Sauda, ke ba kya ƙarya. Tsakaninki da Allah, yana zuwa?"

Kowa ya juya wajen tagar. Har matan Azare suka matso.

Can muryar Yaya ta fito a sanyaye: "Ba ya sa sukarin da yawa, Hajiya."

A duk aikin da na yi, wannan ne kaɗai rubutun da ya zama gaskiya, shi ma ban sani ba na yi. Kallon da Alhaji ya yi min kafin Hajiya ta tura shi cikin keke, har yau in na tuna sai na ji sanyi a baya.

Hammajoda bai damu da wannan ba. An sauke masa saniya, ya kamo hannuna ya ce, "Kai ne likita, na gane murya. Duba shi."

Jama'a sun cika layin, har kan katanga. In ce ban iya ba a gaban mutanen nan, ni Injiniya? Na naɗe hannun riga, na dafa wuyan saniyar, na kara kunnena a cikinta yadda na ga Baturen hoton ya yi da doki, ko da yake shi baki ya duba. Na ce, "Zazzaɓi ne." Saniyar ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta tsaya, kamar tana so in sake tunani. Na ƙwalla ƙara, ta firgita, ta fizge igiya ta faɗa zaure. Dattawa suka watse, wani da littafi a ka, wani da takalmi ɗaya. Ta wuce soro na biyu, inda Yaya take ajiye bahon shinkafar da ta jiƙa don ƙullin gobe, ta tsoma kai.

Hammajoda ya leƙa, ya ga tana ci, fuskarsa ta washe. Ya kama hannuna yana girgizawa. "Ya ci abinci. Wallahi likita ya iya aiki."

Shi kaɗai ne ya bar wurin yana sa min albarka.

Na zaci Malam zai ɗaga murya ranar, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Bai ɗaga ba. Ya sa aka kawo wa matan Azare ruwa, ya ba su haƙuri kamar shi ya yi laifin, ya haɗa su da ɗaya daga cikin ɗalibansa ya raka su masauki na gaske. Ya taya Hammajoda fitar da saniya. Ya naɗe tabarmin da ta ɓata da hannunsa. Da layin ya yi sauƙi, sai ya tsaya a gefen tagar ya ce, "Sauda, kin tuna sharaɗinmu."

Ta ce, "Na tuna, Malam."

Shi ke nan. Wallahi da mari ya yi min a gaban jama'ar nan da ya fi min sauƙi.

Kafin gari ya waye mutanen da na yaudara sun kai ƙarata wurin Gugul ta wayoyinsu. Na duba, babu otal, babu ɗakin taro, babu asibiti. Har shafin masar, wanda shi ne na gaske, ya tafi tare da farin rubutuna. Ashe wannan ne bayanin da na bari a ɗakin bita don in samu keke.

Na je Ƙofar Wambai da safe ina jan ƙafar da saniya ta taka. Babu hayaƙi. Tagar a rufe, mutane suna zuwa da kwano suna komawa. A tsakar gida na ga tandar Inna an wanke ta an kife a jikin bango, Yaya tana zaune a kan turmi, hannuwanta a cinya, ba ta san abin da za ta yi da su ba. Na shirya jin zagi, har na tanadi amsoshi. Ba ta zage ni ba.

Ta ce, "Tun ina yarinya ban taɓa wayar gari ban ji ƙamshin nan ba."

 Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na tsuguna a gefen tandar na rasa inda zan sa idona.

Liatu ce ta zo ta cece mu, ita da na ce zan wuce kafin ta sake sayen itace. Ta gaida Malam daga bakin zaure, ta roƙe shi arziki, ta ce unguwa ba za ta yafe a kashe wutar Kubura saboda shirmen Injiniya ba. A gabana ta faɗa, ban musa ba. Malam ya ce maganar taga ta wuce, ba ya mayar da sharaɗi wasa. Amma in Sauda tana so ta soya a cikin gida, ta soya. Sai dai ko mutum ɗaya ba zai tsaya a ƙofarsa ba.

Liatu ta ce, "To wa zai fitar da masar, Malam?"

Ya ce, "Wanda ya iya kawo mutane inda babu abin da suke nema, zai iya kai masa inda ake nemanta."

Haka na zama mai talla. Kullum da sassafe ina bakin titi a Ƙofar Wambai da kula biyu da robar miya, rumfar caji sai hantsi. Liatu ta buɗe wa Yaya sabon shafi irin nata mai ban tausayi: suna ɗaya, lokaci na gaskiya, da hoton baƙar tandar da masa a cikinta. Mutumin Gombe mai akwati ne ya fara rubutu. Ya ce, "Babu ɗaki, babu ruwan wanka, mai amsa waya maƙaryaci ne. Amma masar ban taɓa cin irinta ba." Na ce a goge rabin farko, Liatu ta ce ko wasali ba za a taɓa ba. Hammajoda ma ya sa ɗan'uwansa ya ba mu taurari biyar, ya ce likitan yana da hannu, sai da Liatu ta amsa a ƙasa cewa mun gode amma ba ma duba shanu. Shafin yana can ƙasa, yana hawa a hankali kamar tsoho a kan tsani.

Ni dai a wurina alƙawari ya cika. Na ce duk wanda ya nemi masa mu zai fara gani, kuma yau duk wanda ya shigo Ƙofar Wambai da kwano, ni ne farkon abin da yake gani. Ɗanlarai, wanda A'i ta dawo bayan na je gaban iyayenta na durƙusa, in zai wuce sai ya ce, "Lamba ɗaya, an tashi lafiya?" Alhaji Hammadu kuwa ta ɗaya gefen titin yake bi, yana shaƙar iska da ƙarfi.

Abin da ban iya mayar wa Yaya ba shi ne tagar. Da can tana suya tana jin muryar masu saye, wannan ya yi mata tsiya, wancan ya tambayi yara, tana gane wanda masar ta yi wa daɗi tun daga yadda ya miƙo kwano. Yanzu bango kawai take gani. Shi ya sa in na dawo da kulolin, kafin in ajiye take tambaya, "Su wa suka zo? Me suka ce?"

Jiya wani ya ce yajin ya yi zafi da yawa. Na tsaya a soro da kula a hannu ina tunanin yadda zan gyara maganar ta koma taurari biyar, don har yanzu hannuna yana ƙaiƙayi. Sai na shiga na faɗa mata kamar yadda ya faɗa.

Ta yi murmushi, na farko da na gani tun ranar saniya. Ta ce, "Ya yi gaskiya, hannuna ne ya zarce. Gobe ka ce masa na ji. Wanke kulolin nan, Injiniya."